Yadda ake kafa zaman duba lafiya na mako-mako a unguwa: awon jini, gwajin suga da sauraren masu damuwa

Ƙungiyoyin unguwa da yawa sun taɓa yin wannan: a kafa rumfa a filin firamare, a gayyato malaman asibiti, a auna mutane ɗari uku a yini guda, a raba farasitamol, a ɗauki hoto, a watse. Bayan wata guda dattijon da aka gaya wa jininsa ya kai 170 yana nan a majalisa da goronsa, bai taka asibiti ba, takardar da aka rubuta sunayen kuma babu wanda ya san hannun da ta faɗa. An kashe kuɗi, an tayar wa mutane da hankali, kuma ba a sauke jinin kowa ba.

Abin da ke aiki shi ne ɗan ƙaramin zama da ba ya yankewa: rana ɗaya a mako, wuri ɗaya, mutane ashirin zuwa talatin, da littafi guda da ake bin sawun kowa a cikinsa. Kuma a teburin da ake awon jini, a nan ake tambayar barci da tunani. Bahaushe ba zai bi layin da aka rubuta "masu taɓin hankali" a kansa ba, ko kyauta ne, amma zai miƙa hannu a auna masa jini, kuma shi da kansa zai ce "tunani ne ya yi mini yawa". Ta wannan ƙofar ake shiga.

Kafin a sayi ko batir

Ku fara da asibitin matakin farko mafi kusa, wanda aka fi sani da sha-ka-tafi, ku zauna da incaj ɗinsa, wato shugaban ma'aikatan wurin. Zaman unguwa ba asibiti ba ne, ba ya rubuta magani, ba ya yanke wa kowa hukuncin cewa yana da cuta. Aikinsa ganowa, turawa da bibiya. Idan babu inda za a tura mutum, kada a fara. Ku fito daga wurin incaj da amsar abubuwa huɗu: wace rana ce ake ganin masu hawan jini da masu suga, wane ma'aikaci ne zai riƙa karɓar mutanenku da sunansa da lambarsa, waɗanne magunguna ake samu a wurin, sannan akwai wanda ya samu horon mhGAP a cikin ma'aikatan ko babu. Wannan mhGAP tsari ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008 domin ma'aikacin lafiya wanda ba likitan ƙwaƙwalwa ba ya iya gane ciwon damuwa, farfaɗiya, taɓin hankali da shaye-shaye, ya kuma fara kula da su. In babu mai horon a nan, ku nemi babban asibitin da ke da sashen. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, a Kano kuma akwai na Dawanau da sashen da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Daga nan sai mai unguwa ko dagaci, da limamin masallacin Juma'a, da fasto inda akwai coci, da kwamitin raya gunduma wanda dama shi ke tsakanin jama'a da asibitin. A Nijar wannan matakin yana bi ta shugaban CSI, wato asibitin matakin farko na can, da 'yan sa-kan lafiya na ƙauyuka. Kada a tsallake malamar Islamiyyar matan aure. Ita ce ke da mata hamsin a gabanta kowane mako, kuma maigidan da ba zai bar matarsa ta je taron ƙungiya ba yakan bar ta ta je Islamiyya.

Wuri yana bukatar ɗakuna biyu, ko ɗaki da zaure. Ɗaya na awo, ɗaya na magana, wanda ƙofarsa ke rufuwa kuma ba a jin abin da ake faɗa daga waje. Labule bai isa ba. A ware wa mata lokacinsu, maza nasu. Hantsi bayan an sallami yara makaranta ya fi yi wa mata, maza kuma bayan La'asar, kuma a kauce wa ranar kasuwa.

Mutane da kaya

Mutane shida sun isa: ma'aikacin lafiya ɗaya mai lasisi, ko da mai ritaya ne, wanda zai sa ido, masu awo biyu, mace da namiji, masu saurare biyu, mace da namiji, da mai riƙe littafi. Idan akwai ma'aikatan CHIPS a gundumar, wato masu bi gida-gida da hukumar lafiya matakin farko ta Najeriya ta ƙaddamar a 2018, ku jawo su, sun riga sun san gidajen. Wajen zaɓen mai saurare kada a duba takardar makaranta, a duba baki. Matar da aka san ta da kai labari gidan suna ba ta dace ba ko da ta yi digiri, kuma da zarar sirrin mutum ɗaya ya fita, ɗakin maganar ya mutu.

Kayan ba su da yawa. Na'urar awon jini mai batir guda biyu, irin wadda ake naɗawa a dantse, ba ta wuyan hannu ba, domin ta wuyan hannu tana yawan kuskure. Kowace ta zo da ɗamara biyu: matsakaiciya ta dantsen da kaurinsa yake santimita 22 zuwa 32, da babba ta 32 zuwa 42. Sai na'urar gwajin suga ɗaya da tsinkayenta da ake ɗiga wa jini, allurar huda yatsa wadda ake yarwa bayan amfani ɗaya, safar hannu, auduga, sabulu da buta, akwatin zubar da allura, sikelin nauyi, tef ɗin tela, kujera mai jingina, tebur, batir na ajiya, babban littafi, da ƙananan katuna da kowa zai tafi da nasa gida. Kafin ku sayi na'urar suga ku tabbata ana samun tsinkenta a kasuwar garinku. Na'urorin da aka ba da kyauta da yawa suna kwance a durowa saboda tsinkensu ba ya samuwa.

Awon jini

Yawancin kuskuren awo daga gaggawa yake fitowa. Mutumin da ya tako daga bakin kasuwa cikin rana, ya zauna aka naɗa masa ɗamara nan take, awonsa zai haura ko lafiyarsa ƙalau. A bar shi ya zauna minti biyar ba ya magana. A tambaye shi ko ya ci goro, ya sha sigari, shayi mai kauri ko kofi cikin rabin awar da ta wuce; in ya yi, ya jira. In fitsari ya matse shi ya je ya rage tukuna. Ya jingina bayansa, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai tsayin ƙirji. A naɗa ɗamarar a kan fata, kamar yatsa biyu sama da gwiwar hannu. Kada a naɗa a kan hannun babbar riga ko hijabi mai kauri, kada kuma a nannaɗe hannun riga sama har ya shaƙe dantse. Shi ya sa ake so mace ta auna mace a wurin da za ta iya zare hannunta. Ƙaramar ɗamara a kan babban dantse tana ƙara lamba, sai a tura mai lafiya asibiti a banza. Mai awo ya yi shiru, wanda ake aunawa ma haka, gaisuwa ta jira.

A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya zuwa biyu, a rubuta duka. Ranar farko a gwada hannu biyu, wanda ya fi nuna lamba babba shi za a riƙa amfani da shi nan gaba.

In lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, ba a ce wa mutum "kana da hawan jini". A ce masa awon yau ya ɗan hau, ya dawo mako mai zuwa a sake. In ya maimaita a wata rana daban, a rubuta masa kati zuwa asibiti. In ya kai 180 a sama ko 110 a ƙasa, a bar shi ya huta a sake, in yana nan, yau ɗin zai je, kuma wani ya raka shi. In kuma akwai ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, karkacewar baki, harɗewar harshe ko mutuwar hannu ko ƙafa, ba a ma tsaya sake awo, a nemi mota. Mai juna biyu dokarta daban ce: 140 bisa 90 ya isa a kai ta a ranar, musamman in ciki ya wuce wata biyar ko tana da kumburin fuska da ciwon kai, domin hanyar jijjiga ke nan. Mai jego ma a auna ta. Likitoci a Zariya sun daɗe da danganta ciwon zuciyar bayan haihuwa da yawan kunun kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, don haka mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki in ta kwanta, asibiti za ta, ba ƙarin wanka ba.

Shawarar da ake bayarwa ta zama wadda za a iya aunawa a kicin. Gishirin da babba zai ci a yini kada ya wuce giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafin, domin yawancinsa gishiri ne. Ce wa uwargida ta daina saka dunƙule ba ya aiki. A ce ta rage rabi, ta ƙara daddawa, albasa, citta da tafarnuwa, a kuma ɗauke gishirin da ake barbaɗawa a kwano da yajin da aka cika wa gishiri. A tambayi kowa irin maganin ciwon jiki da yake saye a kemis. Diklofenak da ibuprofen in ana shan su kullum suna ɗaga jini, suna kuma taɓa ƙoda. Motsa jiki minti 150 a mako, wato tafiyar sauri ta rabin awa kwana biyar. Manomi da mai tura kura sun riga sun cika nasu, maganar ta ɗan kasuwa ce da ke wuni a shago da matar da ba ta fita, wadda za ta iya zagayen tsakar gida da sassafe tare da abokiyar zama ko maƙwabciya.

Gwajin suga

Tsinke yana da tsada, ba kowa ake yi wa ba. A fara da wanda ya kai shekara 40, mai ƙiba, mai hawan jini, wanda ake da ciwon a gidansu, matar da ta taɓa haifar jariri mai nauyin kilo 4 ko fiye, da duk mai yawan fitsari, ƙishirwa, rama ko gyambon da ya ƙi warkewa. A wanke hannu da sabulu a bushe shi sosai. Yatsan da ya taɓa dabino, mangwaro ko rake zai nuna suga mai yawa na ƙarya. A huda gefen yatsa, ba tsakiyarsa ba. Allura ɗaya mutum ɗaya, ba a ko tattauna wannan.

Wanda bai ci komai ba tun dare, awa takwas, in ya nuna 126 ko fiye a tura shi a tabbatar a asibiti. Wanda ya ci abinci, 200 ko fiye. Ƙasa da 70 a mai shan maganin suga, musamman in yana gumi da rawar jiki, a ba shi ruwan sukari nan take in yana iya haɗiya. A lura da ma'aunin na'ura: wasu suna nuna 126, wasu 7.0, takardun asibitin Nijar kuma sukan rubuta 1.26, duk abu ɗaya ne, kuma an sha rikita su. Tsinke yana lalacewa da zafi da danshi, a rufe kwalbarsa da zarar an zaro ɗaya, kada a bar ta a mota ko ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, a kuma duba ranar ƙarewar aikinsa. Kafin azumi da wata guda a tura duk mai shan maganin suga ya ga ma'aikacin lafiya a daidaita masa lokacin sha.

Yadda ake buɗe maganar damuwa

Ana yin ta ne bayan an cire ɗamara, ana rubuta lamba a kati, da murya ƙasa-ƙasa, kuma kowa ake yi wa, domin kada wanda aka tambaya ya ga kamar an ga wani abu a fuskarsa. "Baba, ana samun barci kuwa?" "Hajiya, yaya cin abinci kwanakin nan?" Daga nan sai tambayoyi biyun da aka saba tantancewa da su: cikin mako biyun da suka wuce, ko ya ji abubuwan da ya saba jin daɗinsu sun fita daga ransa, da kuma ko baƙin ciki ko karayar zuciya na yawan danne shi. Wanda ya amsa e ga ɗaya, kuma ya ce kusan kullum ne, a ce masa akwai wanda zai zauna da shi a ɗaki na biyu in yana so. In bai so yau ba, a ƙyale shi, a sake tambaya mako mai zuwa.

Ba kasafai mutum zai ce yana baƙin ciki ba. Zai ce zuciyarsa na bugawa, kansa na zafi, wani abu na yawo a jikinsa, jikinsa ya mutu, ya sha maganin maleriya da na taifot sau uku bai ji sauƙi ba. Wanda ke dawowa da irin wannan koke kuma awonsa lafiya, shi ne ya fi bukatar ɗaki na biyu. A sa ido musamman kan mai jego, wadda aka saka ko aka yi wa kishiya kwanan nan, mai takaba, wanda ya rasa jari ko aiki, waɗanda rikici ya koro daga garuruwansu, da wanda aka taɓa sacewa ko aka sace nasa. Ma'aikacin lafiyar da ke sa ido shi zai cike takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9. Maki 10 ko fiye na nufin a tura asibiti, tare da ci gaba da zaman saurare.

Zaman sauraren ba sabon abu ba ne. A Harare ta Zimbabwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitocin unguwa suna sauraren masu abin da Shonawa ke kira yawan tunani, zama shida kowane mutum, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Tun kafin nan, a 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abekuta tare da danginsu, maimakon kulle su.

Tsarin zaman shi ne wannan. Minti 30 zuwa 45, sau ɗaya a mako, har sau shida. A zama na farko mai saurare yana saurare ne kawai, yana maimaita wa mutum abin da ya ji don ya tabbatar ya fahimta. Abu mafi wuya a koya wa ɗan sa-kai shi ne ya riƙe "ki yi haƙuri" a bakinsa. Haƙuri da addu'a suna da wurinsu, amma in aka faɗe su a minti na biyu, ma'anarsu ita ce a rufe maganar, kuma matar ta riga ta ji su daga uwarta, da surukarta, da maƙwabta. Bayan an saurara, sai a jera matsalolin tare, a ce ta zaɓi ɗaya, ba mafi girma ba, wadda ake iya taɓawa cikin makon nan. Ita za ta kawo hanyoyin da take gani, ko da guda biyar ne, a auna kowace da ribarta da wahalarta, ta zaɓi ɗaya, a sa rana da lokaci. Misali matar da bashin adashe ya hana ta barci: matakin makon nan shi ne ta je wurin uwar adashe ranar Talata bayan Azahar, tare da yayarta, ta nemi a raba mata biyan kashi uku. Mako mai zuwa a fara da tambayar yadda aka yi. In ba ta je ba, ba a yi mata faɗa, a duba abin da ya hana, a rage girman matakin. A haɗa da abu ɗaya da ta daina yi saboda damuwa, kamar komawa Islamiyya, kitso ko ziyarar ƙawa, domin zaman ɗaki yana ciyar da ciwon.

Mai saurare ba ya ba da kuɗi daga aljihunsa, ba ya zuwa sulhun aure, ba ya kai wa miji ko uba labari. Abu ɗaya ne ke karya sirri, kuma ana faɗa wa mutum tun zaman farko: in ransa ko na wani yana cikin haɗari.

Abin da ba ya jiran mako mai zuwa

A tambayi maganar kashe kai kai tsaye. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. "Akwai lokacin da kike jin gara ki mutu ki huta?" In ta ce e: "Kin taɓa tunanin yi wa kanki wani abu? Kin tanadi wani abu?" Wanda ke da shiri, ko ya taɓa gwadawa, ba a barinsa shi kaɗai. A kira wanda ya yarda da shi a cikin dangi, a kwashe fiya-fiya, maganin ɓera, maganin feshin gona da tarin ƙwayoyi daga gidan, a kai shi asibiti a ranar. Wannan ba lokacin wa'azin wuta ba ne. Ya san hukuncin, kuma tsoron a ce masa ya yi saɓo shi ya sa ya yi shiru tun farko.

Mai jegon da cikin mako biyun farko ta daina barci sam, take surutai, take jin muryoyi ko ta ƙi jaririnta, asibiti za a kai ta a ranar, kuma kada a bar ta da jaririn ita kaɗai. Wanda ya rikice farat ɗaya tare da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, ciwon jiki ne har sai an tabbatar ba shi ba, yana iya zama sanƙarau ko maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa. Mai farfaɗiya in ta tashi, a janye shi daga wuta da ruwa, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi a gefe. Ba a cusa masa cokali a baki, ba a ɗura masa komai, kuma yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. In ta wuce minti biyar ko ta maimaita bai farfaɗo ba, a ɗauke shi. Domin irin waɗannan ranakun, a samu direbobi biyu a unguwa, ko mai adaidaita sahu, da aka yi yarjejeniya da su tun farko, lambobinsu a bangon ɗakin awo.

Malamai, masu magani da mai kemis

Kafin iyali su zo wurinku sun riga sun je wurin mai ruƙiyya ko mai maganin gargajiya, kuma za su koma. Yaƙi da wannan ɓata lokaci ne. Ku ziyarce su, ku nemi abu uku: kada su ce wa kowa ya bar maganin asibiti, kada a yi duka, ɗauri ko horon yunwa, kuma su turo wanda ya yi mako biyu bai samu sauƙi ba. Wanda aka samu a mari kuwa ba a yin shiru a kai. Abin da aka bankaɗo a gidajen mari na Kaduna da Katsina a 2019 ya isa darasi, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin mai taɓin hankali a kula da shi cikin mutunci. A bi ta mai unguwa da jami'in walwalar jama'a na ƙaramar hukuma.

Mai kemis shi ne ya san yaran da ke sayen tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana tun 2018 amma bai ɓace ba. Matashin da ya zo da kansa yana son bari, a karɓe shi a ɗaki na biyu kamar kowa, a tura shi asibiti. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayoyin barci irin su diyazefam, ko giya mai yawa kullum, kada a ce ya yanke rana ɗaya, yankewar na iya kawo jijjiga.

Littafi da bin sawu

Kowane mutum layi ɗaya: lamba, suna, shekaru, kwatancen gida, waya, awon kowane zuwa, ranar da aka tura shi, ranar da ya je, maganin da aka ba shi. Abin da aka faɗa a ɗaki na biyu ba ya shiga wannan littafin. Yana da nasa daban, da lamba maimakon suna, a akwati mai kwaɗo, kuma ba a ɗaukar hoton shafinsa a tura a WhatsApp.

Wanda aka tura, a kira shi bayan kwana uku. In bai je ba bayan mako guda, a je gida, mace wurin mace. Dalilan da za ku ji ba su da yawa: babu kuɗin mota, miji bai ba da izini ba, ya je ya tarar da layi ya dawo, ko "ai na ji sauƙi". Na ƙarshen ya fi kashe mutane. Hawan jini ba ya ciwo, mutum zai sha magani wata guda, awo ya sauka, ya ɗauka ya warke, ya ajiye, sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi. A gaya masa tun ranar farko cewa saukar awon aikin maganin ne, in ya bari zai koma. Wanda maganin hawan jini na amlodifin ya kumbura wa ƙafa ya koma a canza masa, kada ya daina da kansa. Maganin ciwon damuwa kuma ba ya nuna aikinsa sai bayan mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, alhali jiri ko tashin zuciya na iya zuwa tun kwanakin farko. Wanda ba a gaya wa haka ba zai yar da shi a kwana na biyar. Bayan an ji sauƙi ma ana ci gaba da sha wata tara zuwa shekara, kuma a hankali ake janye shi, bisa umarnin wanda ya rubuta.

Kuɗin tafiyar da zaman na batir ne, tsinke, safar hannu, katin waya da motar gaggawa. Ƙaramin karo-karo na wata-wata daga 'yan kasuwar unguwa da asusun masallaci ya fi babbar kyautar ɗan siyasa ta lokaci ɗaya, wadda ke zuwa da hotonsa ta kuma kori rabin unguwa. Mutane biyu su riƙe asusun, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku.

Ƙarshen kowane wata a zauna awa ɗaya da incaj, a fito da lambobi huɗu daga littafi: nawa aka tura, nawa suka isa asibiti, nawa ke kan magani har yanzu bayan wata uku, nawa cikinsu awonsu ya sauka ƙasa da 140 bisa 90. In waɗanda suka isa ba su kai rabin waɗanda aka tura ba, a dakatar da karɓar sababbi na mako biyu a bi tsofaffin gida-gida. A wannan zaman ne kuma masu saurare ke sauke nasu nauyin, ba tare da ambaton suna ba, domin mai jin labarin mutuwa, saki da garkuwa kowane mako shi ma barcinsa na lalacewa. Kada mai saurare ɗaya ya wuce mutane huɗu a rana, kuma duk wata shida a ɗauki na'urorin awon jini a kai asibiti a gwada su gefe da gefe da tasu a hannun mutum ɗaya. In bambancin ya yi ta wuce maki biyar, a canza ɗamarar tukuna, in bai gyaru ba a ajiye na'urar.